Baba ya daina magana amma yana waƙa, ina baiwar ta tafi?

Tela a Garwa ta rubuta:

Salama gare ku 'yan'uwa. Tambaya gare ni, amma sai na yi bayani kafin in kai gare ta, ku yi haƙuri da tsawonsa.

Mahaifina ya yi aikin bishara tun ban san kaina ba. Daga duwatsun Kapsiki ya sauko, ya zauna a Mubi yana saurayi, can ya koyi Hausa, can ya auri mahaifiyarmu, daga baya suka dawo Kamaru suka zauna a Garwa. Mu 'ya'yansa da Hausa muka tashi. Shi kuwa harshe huɗu ne a bakinsa: nasu na dutse, Hausa, Fulatanci da Faransanci. Shi ne tafintan majami'armu. Fasto zai faɗi magana da Faransanci, kafin ya sauke numfashi Baba ya juye ta zuwa Fulatanci, in kuma ya hango tsofaffin matan nan da suka zo daga Najeriya sun yi zuru, sai ya ƙara musu da Hausa ba wanda ya sa shi. Sau da yawa fassarar ta fi wa'azin daɗi. Kowa ya san haka, faston ma ya sani.

Kafin damina ta sauka, wata safiya yana shan kunu a tsakar gida, ludayi ya suɓuce masa. Hannun dama ya saki, baki ya karkace. A asibiti aka ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ƙafar ta dawo a hankali, yanzu yana dogara sanda har zaure. Maganar ce ba ta dawo ba. Kalma ɗaya ta rage masa, ita ce "madalla". Yaya kwana, madalla. Yana son ruwa, madalla. Ran da jikansa ya taka masa ƙafar ciwon ma madalla ya ce, ido jajir, yana dukan tabarma da hannun hagu.

'Yan ikkilisiya kan zo gaisuwa bayan sujada. Da sun ji madalla sai su dubi juna su ce kun ga bawan Allah, cikin ciwo ma ba abin da ke bakinsa sai godiya. Ni da nake yi masa wanka, nake yanke masa farce, na san ba kullum godiya ba ce. Wani lokaci cewa yake ku tashi ku ba ni wuri.

Akwai abu biyu da suka ƙara rikita ni. Na farko, wata rana akuya ta ture masa kwanon abinci, sai ga zagi ya fito daga bakinsa da yaren dutse, tas, ba gargada. Mama ta ce tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba. Shi kansa ya firgita, ya yi ta kuka, ya ƙi cin abinci har dare. Na biyu, kekena a zaure yake, ina ɗinki ina rera waƙar da muke yi lokacin baiko. Ban ankara ba na ji murya a bayana. Baba ne. Ya ɗauki baitin daga tsakiya ya kai shi ƙarshe, kowace kalma a wurinta. Na bar keken na durƙusa gabansa na ce Baba, kira sunana. Ya dube ni, leɓensa na motsi, jijiyar wuya ta tashi. Madalla.

Wannan mutumin shi ya koya mana a ajin baftisma cewa magana baiwa ce daga Allah. Yakan sa yara su ɗora yatsu a maƙogwaro su ja "aaa" har su ji wurin yana rawa, sa'an nan ya ce wannan fa iska ce kawai, amma Allah ya sa ta ɗauki abin da ke cikin zuciyarka ta kai cikin zuciyar wani. Yakan ce saniya ma tana da harshe, ya fi naka tsawo, amma Adamu aka kawo wa dabbobi ya sa musu suna. Ayar da ya fi so ita ce inda Ubangiji ya tambayi Musa wa ya yi wa mutum baki.

To ga tambayata. In magana baiwa ce, don me aka karɓe ta daga wanda ya ƙarar da ita a aikin Ubangiji, aka bar masa zagi? Wata uwa a zumuntar mata ta ce mini in tuna Zakariya, wai rashin bangaskiya ne ya rufe masa baki, maganar nan ta hana ni barci. Sa'an nan dattawan ikkilisiya sun ji labarin waƙar, suna so ranar godiyar kaka a tsayar da shi gaban jama'a ya rera, ya zama shaida. In yarda?

Nas a Ngaundare ta amsa:

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Zancen Zakariya na bar wa masu wa'azi. Ni abin da nake gani a ɗakin marasa lafiya zan gaya miki.

Kayan magana duk lafiya suke a jikin Baba. Huhu yana turo iska. A maƙogwaro akwai 'yan tantani biyu da iskar ke kaɗawa, a namiji suna buɗewa su rufe fiye da sau 100 a daƙiƙa ɗaya, a mace wajen sau 200, rawar da yake sa yara su taɓa ke nan. Harshe da leɓe da ganɗa su ke sassaƙa wannan ƙarar ta zama kalma. Da ɗaya cikinsu ya lalace, da waƙar ba ta fito ba. Ciwon yana sama, a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Hagu shi ke juya daman jiki, shi ya sa hannun dama ya saki, kuma a mafi yawan mutane can ne ake harhaɗa magana. Kayan na nan cikin shago, makullin ne ya ɓata.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 1861 wani likita a Faris, Paul Broca, ya duba wani majinyaci da ya shekara da shekaru ba ya iya furta komai sai "tan", alhali yana gane abin da ake gaya masa. Da mutumin ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa, aka sami ɓarnar a gaba ta hagu. Shi ma in ransa ya ɓaci zagi na fita masa. Abin da baki ya saba da shi har ba ya neman tunani, kamar ƙirga, gaisuwa, Addu'ar Ubangiji, waƙa da ashar, ba hanya ɗaya yake bi da maganar da mutum ke ƙullawa sabuwa ba. Don haka ki gaya wa Baba, a gaban Mama, cewa wannan zagin ba wani datti ne da ya ɓoye a zuci ya fito ba. Yana jin ki. Masu irin wannan ciwo kunya na cin su ƙwarai, wasu har su daina ƙoƙari.

Waƙar kuwa ki riƙe ta da hannu biyu, da ita ake jinya. A 1973 wasu masu bincike a Boston ta Amurka suka fito da hanyar koya wa irinsu magana ta rerawa. Ki zaɓi gajeriyar magana da yake bukata kullum, kamar "ba ni ruwa". Ki riƙe hannunsa na hagu, ki rera ta a hankali kina buga hannun a kan kowace gaɓa, ku yi tare, sa'an nan ki riƙa janye muryarki ki bar shi. Kaɗan kaɗan, safe da yamma, in ya gaji a bari. Ki gwada da dukan harsunan nan huɗu, don masu harshe da yawa ba lalle su dawo tare ba, wani kan riga wani.

A daina yi masa ihu, ba kurma ba ne. A daina zancensa a kansa kamar ba ya nan. A yi masa tambayar da zai amsa da kai ko da yatsa, a kuma jira, jiran nan shi ya fi wa mutanenmu wuya. Maganin hawan jini kada a tsallake ko na rana ɗaya, ko da ya ji garau, a rage gishiri da dunƙulen miya. Sauƙi ya fi sauri a watannin farko, amma ba ya tsayawa nan.

Dattijo daga Njamena ya amsa:

'Yata, sannu da jinya. Wannan uwar da ta kawo miki Zakariya, ki gaishe ta, ki ce ta koma Luka sura 1. Mala'ika ne ya tsaya gaban Zakariya ya gaya masa laifinsa, ya gaya masa kuma ranar da bakin zai buɗe. Wane mala'ika ne ya zo mata da labarin mahaifinki? Almajirai ma sun yi irin wannan tambaya a kan wanda aka haifa makaho, wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya. Yana cikin Yahaya sura 9.

Ayar da Baba yake so, Fitowa 4:11, mukan karanta rabinta mu tsaya. Bayan wa ya yi wa mutum baki, Ubangiji ya ci gaba ya ce wa ke sa mutum ya zama bebe ko kurma, ba ni ba? Aya ce mai nauyi, ni kaina ba na jin daɗin karanta ta a gaban mara lafiya. Amma ta nuna bebe bai fita daga hannunsa ba. Ki lura kuma ba a ce an warware wa Musa harshe a wurin nan ba. Haruna aka ba shi, aka ce zai zama bakinsa. Baba ya yi shekaru yana zama bakin wasu. Yanzu ke ce kika san wace madalla ce ta ruwa, wace ce ta ku ba ni wuri.

Na koyar a makaranta har na yi ritaya, kuma har yau abin nan na ba ni mamaki. A Cadi muna da harsuna fiye da 100. Jariri ɗaya, in ka ajiye shi a Mundu zai tashi da Ngambai, ka kai shi Abeshe ya tashi da Larabci, ka ba Bahaushiya goyonsa ya tashi da Hausa, ba allo ba bulala, kafin ya iya ɗaura wando ya ƙware. A ranar Fentikos ma Ruhu bai mai da mutane harshe ɗaya ba, kowa ya ji da nasa. Amma duk da girman baiwar nan, addu'a ba ta rataya a kanta ba. Hannatu ta yi addu'a leɓe na motsi ba murya, har Eli firist ya zaci ta bugu, ita aka amsa wa. Bulus ya ce a Romawa 8:26 Ruhu na roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa.

Zancen tsayar da shi gaban jama'a, ki buɗe wa dattawan Markus sura 7. Da aka kawo wa Yesu kurman nan mai i'ina, abu na farko da ya yi shi ne ya janye shi daga taro, su biyu. Can ya sa yatsu a kunnensa, ya taɓa harshensa, ya dubi sama ya yi ajiyar zuciya. Bayan ya warke ma ya ce kada a gaya wa kowa. Ban ce haram ne Baba ya yi waƙa a majami'a ba. Amma ke ba ke za ki yarda ba, dattawa ma ba su ba. Mai bakin yana nan da hankalinsa, a tambaye shi.

Ɗan'uwa daga Kusiri ya amsa:

Ku kawo shi a yi masa azumi da addu'a. Wanda ya buɗe bakin jakin Bal'amu har ya yi magana ba zai kasa buɗe na bawansa ba. Wannan bayanin likitoci duk na duniya ne.

Uwar yara a Marwa ta amsa:

Allah ya ba Baba lafiya. Amma ku yi mini haƙuri, akwai abin da ya tsaya mini a wuya tun da na karanta.

Wannan koyarwar cewa magana ce ta raba mu da saniya, na sha jin ta daga bagade, kuma duk ran da na ji sai in dubi ɗana. Sanƙarau ya kama shi da rani yana ƙarami, ya tashi, amma kunne ya tafi, 'yan kalmomin da ya fara ma suka bi. In muryar maƙogwaro ce kamannin Allah, to shi fa?

Yaron nan da hannu yake magana, kuma surutu ne da shi. Yana ba da labari, yana tsokanar ƙannensa, yana yi mini ƙarya in ya ci kuɗin aike, yana kwaikwayon tafiyar fastonmu har sai na yi hawaye don dariya. Kowa a gidanmu ya sa masa suna da hannu, nawa shi ne taɓa kumatu inda nake da tabo. Ba abin da aka ce Adamu ya yi ke nan ba? Kuramen Hausawa suna da maganar hannu tasu tun kafin a buɗe wata makaranta. Wani Baƙar fatan Amurka, Andrew Foster, shi kansa kurma ne, mai bishara, ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, ya bi ƙasashen Afirka yana buɗe wasu, har Kamaru da Cadi, kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Bai jira a warkar da kowa ba kafin ya gaya musu bishara.

Ku masu ji kuna da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa tun 1932. Ɗana yana zama sujada daga farko har ƙarshe yana kallon bakin mutane. A majami'armu ana fassara wa'azi zuwa harshe biyu, ba a taɓa tunanin na uku da hannu ba. Ni a ganina baiwar ba a maƙogwaro take ba. Baiwar ita ce kana da abu a ciki, kana so wani ya sani, kuma akwai hanya. 'Yar'uwa, ki yanko hotuna ki manna a kwali: kofi, bayi, gado, rediyo, Littafi, fuskokin 'yan gida. Ki rataya masa kusa da hannun hagu.

Nas a Ngaundare ta ƙara:

Shawarar kwalin nan ta yi kyau ƙwarai. Sai dai kada a sa rai Baba zai koyi maganar hannu cikakkiya ta maye masa gurbi, don ita ma harshe ce, kuma a ɓangaren hagun nan take zaune. Kurman da ya sami irin wannan ciwo hannunsa ma kan rikice. Nuni da yatsa da hoto su ne za su yi. Ɗan'uwa na Kusiri, a yi addu'a, ni ma ina yi. Amma mai shan maganin hawan jini ba a sa shi azumi, ba a kuma ajiye masa magani.

Tela a Garwa ta dawo:

Na gode muku duka, Allah ya saka.

Baba na Njamena, na yi yadda ka ce. Na jira Mama ta tafi kasuwa, na zauna gabansa na ce dattawa suna so ka tsaya gaba ka yi waƙa ranar godiya, kana so? Ya girgiza kai da ƙarfi har hula ta zame. Na ce to a bar ka a gida? Ya sake girgizawa. Muka yi ta lalube, ina tambaya yana ƙi, sai da na ce a kai ka bencinka na kullum, wajen maza, kusa da taga, ka rera tare da kowa? Nan ya kama hannuna ya matse. Na kai wa dattawa amsa. Ɗaya bai ji daɗi ba, ya ce ana ɓoye aikin Allah. Na ce ba ni na ce ba, mai shi ne ya ce.

Sai dai Baba na Njamena, zancen Haruna bai gama kwantar mini da hankali ba, kada in ɓoye maka. Musa nauyin baki gare shi, amma yana iya gaya wa Haruna abin da zai faɗa. Ni lalube nake yi. Jiya da yamma rediyo na kunne, ana shirin Sawtu Linjiila da Fulatanci, mai magana ya faɗi wani abu, Baba ya ɗaga yatsa yana kaɗawa kamar yadda yake yi in zai gyara wa mutum aya. Ya juyo gare ni, yana da abin cewa, na gani ƙuru-ƙuru a fuskarsa, kuma ba hoton da zan manna a kwali da zai fito da shi. Wannan har yanzu ina kai ƙararsa gaban Ubangiji, ban kuma ga laifin hakan ba, Zabura cike take da irinsa.

Uwar yara, maganarki ta shige ni. Da Baba yana iya amsawa, na san da kun kwana kuna gardama, kuma ina jin da ya ba ki gaskiya a ƙarshe, don shi ba ya ƙin a kayar da shi in da hujja. Kwalin na yi shi, na yanko hotunan daga tsohuwar kalanda da littafin jikansa. Hoton rediyo ya fi taɓawa, sai na shayi.

Nas, na gaya masa zancen zagin a gaban Mama kamar yadda kika ce, ya daɗe yana kallon ƙasa, daga baya ya ci abinci. Rerawar ma mun fara. "Ba ni ruwa" bai fito ba tukuna, yana tsayawa a "ba". Amma da na fara masa ƙirga da Hausa ya yi shiru, da na ce go'o sai ya karɓa da Fulatanci, ɗiɗi, tati, nay, jowi, har sappo bai tsaya ba. In ci gaba da Fulatancin ke nan in bar Hausar zuwa gaba, ko in riƙa haɗawa? Sa'an nan yana yawan ƙwarewa in ya sha ruwa, kunu kuwa ba ya ba shi wahala. Wannan na ciwon ne, ko in mai da shi asibiti kafin ranar da suka ba mu?